Motar da Ta Kasa Fitar da Numfashi

Matameye, tsakiyar damina.

Zuwa ga ƙanena Marwan, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar yaya da ta daɗe ba ta ga fuskar ƙanenta ba, ina kuma roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare. Allah Ya tsare ka daga sharrin gari da na hanya, Ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan da ke tayar mata duk sa'ad da hadari ya haɗu. Ruwa ya zauna bana, gero a gonar gabas ya shanye tsawon mutum, wake ya fara yaɗo. 'Yan cirani duk sun dawo tun lokacin shuka, na Kano da na Fatakwal da na Badun. Kai kaɗai ne damina ta biyu ke nan ba mu gan ka ba.

Na san za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. Dalili shi ne na gane halinka: da zarar an ambaci motar nan sai ka ce layi ba shi da kyau, ka kashe. Takarda kuwa ba ta kasuwa. In ka ajiye ta yau, gobe za ka same ta inda ka bar ta. Don Allah ka karanta har ƙarshe, ko da farkonta zai yi maka ɗaci, domin abin da ke ƙarshenta naka ne.

Zan fara da abin da ka fi ni sani, tunda ba ka taɓa ba mu shi da bakinka ba, gutsi-gutsi muka tsince shi daga bakin mutane. An ce kuna dawowa daga wurin haƙar zinariya a arewa, ku uku a motar nan taka, kat-kat mai ratsa rairayi, kai da Nura ɗan maƙwabciyarmu Iya Zulaiha, da wani abokinku ɗan Tanut. Mota ta rage ƙarfi, ta kafe a rairayi da tsakar rana. Kai ka ɗauki jarka ka taka zuwa inda kuke zaton akwai mutane, su kuma suka zauna a ciki, suka rufe gilasai, suka bar inji yana aiki don kilim, na'urar sanyaya mota, ya ba su sanyi. Da ka dawo da masu taimako ka tarar da su a kishingiɗe kamar masu barci, ba rauni, ba jini, inji yana ta kaɗawa a hankali. Jandarmomi sun riƙe ka, sun bincika, ba su sami komai a kanka ba, suka sallame ka. Bakin mutane ne bai sallame ka ba. Wasu suka ce wani abu ka zuba musu a shayi saboda rabon zinariya, wasu suka ce da su ka biya iskokin daji. Ka sa aka ɗoro motar a kan babbar mota aka kawo ta gida, kai kuwa ka wuce kudu, ko kwana ba ka yi a garin ba.

Tun daga ranar ta zauna a kangon bayan gida, an lulluɓe ta da zana. Iya Zulaiha, wadda a dā ko gishiri ya ƙare mata gidanmu take aikowa, ta daina amsa gaisuwar Inna. In za ta famfo sai ta zagaya ta bayan masallaci don kada ta bi ta ƙofarmu. Mata suna cewa ko akuya ba ta kwanciya a inuwar motar. Ni dai na sha ganin awakinmu a ƙarƙashinta suna tuƙa, amma ban taɓa yi wa kowa gardama ba, don ni ma in zan zubar da shara a kangon ba na son kallon gilashinta.

Da bazarar nan surukinka, mai gidana Baban Rashida, ya ce zama ba zai yi wa ƙarfe amfani ba. Ya sa mata batir da tayoyi, ya fara jigilar mutane da kaya zuwa kasuwannin Dawce da Tsauni da ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya shiga saboda rairayi. Da fari ba wani abin tsoro, sai dai ragwanci. Da safe lakile ɗaya take tashi, wato murɗa makulli sau ɗaya, a kan kwalta ta tafi lafiya. Amma in aka yi nisa ta ɗauki zafi, musamman a hawan rairayin nan na wajen tsohuwar kuka kafin a shiga Tsauni, sai ta saki jiki. Ya taka totur har ƙasa, ta yi ta gurnani ba ta gaba, wani huci yana fitowa daga ƙarƙashinta kamar na kububuwa. In aka kashe ta aka jira ta huce, sai ta tashi ta ci gaba kamar ba ita ba. Ya kai ta garejin Sallau, makaniken nan na bakin tasha da ka sani. Sallau ya canza buji masu ba inji wuta, bai yi ba. Ya canza filta, ya sauke tanki ya wanke, ya ce laifin esansin kwalba ne, man da ake sayarwa a bakin hanya. Ta ɗan yi dama-dama, sannan ta koma. Fasinjoji kuwa suka lura kullum a wuri ɗaya take tsayawa, gindin kukar nan, kuma ka san abin da ake faɗa a kan kuka. Kafin ruwa ya sauka an sa mata suna a tasha. Makara suke ce mata.

Abin da ya fara tayar mini da hankali ba motar ba ce, mutumin ne. Da damina ta kankama, Baban Rashida ya fara dawowa daga kasuwa da ciwon kai mai sara, idanu jawur, ya ƙi tuwo, wani lokaci ya yi amai a bayan ɗaki. Mutumin da ka sani da haƙuri ya zama abu kaɗan sai faɗa. Yakan manta a inda ya sauke kayan mutane. Wata rana da la'asar na same shi zaune a dakalin zaure, ya zuba wa katanga ido. Na tambaye shi, ya ce in yana tuƙi shi kaɗai yakan ji numfashin mutum a kujerar baya, dogon numfashi irin na mai barci, kuma in ya waiga ba kowa. Ya ce sau ɗaya ya farka ya ga motar a tsaye cikin gonar wani, ta kwantar da gero, bai san yadda aka yi ya bar hanya ba. Ya roƙe ni kada in gaya wa Inna. Abin mamaki, ranakun da bai fita da motar ba lafiyarsa lau, ya ci, ya sha, ya yi noma.

Inna ta ji duk da haka. Ta sa aka kira Malam Cha'ibu na masallacin unguwa, ya yi addu'a, ya tofa a ruwa aka yayyafa ciki da waje, ya ba Baban Rashida rubutu ya sha. Kuma don in faɗi gaskiya, da zai tafi ya ce mu haɗa da asibiti, shi addu'a ya sani, bai san ciwon kai ba. Ba mu je ba. Inna ta yi ta kuka tana cewa a fitar mata da motar daga gida, ta ci mutum biyu, ta raba ta da ɗanta, yanzu kuma ta juyo kan surukinta. Baban Rashida ya yi alkawari zai ajiye ta bayan sunan jaririn Jamilatu 'yar kawu da ke aure a Tsauni, don ya riga ya ce zai kai mu.

Ranar sunan mun tafi da safe motar cike da mata, gari garau, gilasai a sauke, ana ta hira. Ta yi halinta a gindin kuka, muka sauka muka jira ta huce. Da aka watse bayan azahar sauran matan suka ce za su kwana, sai ni da shi muka juyo. Uwar mijin Jamilatu ta ba ni kaji in kawo wa Inna. Manyan, zakara da kaza, aka ɗaure su a bayan mota a fili tare da buhunan mutane. 'Yan matasan kuwa suna cikin kwando, da na ga hadari ya taso daga gabas na ce a sa su a ciki, a ƙasa, bayan kujerata. Ba mu yi nisa ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Muka ɗage gilasai duka.

Marwan, ban san yadda zan kwatanta maka wannan tafiyar ba. Rana ce, amma gari ya yi duhu. Gero dama da hagu kamar katanga, ruwa yana dukan rufin mota, ita kuma tana jan ciki a hankali, hucin nan na tashi daga ƙarƙashin ƙafafunmu. Kajin kwando suna ta tsiwa tun daga Tsauni. Can sai na lura sun yi shiru. Ba a hankali ba, kamar an rufe musu baki gaba ɗaya. Na so in waiga in duba, wuyana ya ƙi juyawa. Kaina yana bugawa kamar ana daka a ciki, zuciyata tana gudu, amma jikina ya yi laushi, wani daɗin barci yana saukar mini irin wanda ban taɓa ji ba. Sai na ji numfashin. Na ji shi sarai, a bayan kunnena na hagu. Daga nan na ji nauyi a kafaɗata, kamar wani ya sunkuyo daga kujerar baya ya ɗora kansa a kaina don ya yi barci. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu in na tuna shi ne a lokacin ban ji tsoro ba. Na ce a raina, bari in bar shi ya huta, ya gaji. Na dubi Baban Rashida, na ga haɓarsa a kan ƙirji, hannuwansa sun zame daga sitiyari, ƙafarsa tana kan totur. Ban ko iya kiran sunan Allah da baki ba.

Motar ce ta mutu da kanta. Ta yi wata irin shaƙewa, ta girgiza, ta yi tsit. Amai ya taso mini, shi ya sa hannuna ya lalubi ƙofa, ba wayo ba. Na faɗo kan jiƙaƙƙen rairayi, ruwa yana dukan fuskata. Ban san iya lokacin da na yi a nan ba. Da na ɗan dawo hayyacina na rarrafa na zagaya na buɗe ƙofarsa, na ja shi ta riga ya faɗo kaina. Wani manomi mai amalanken shanu da ruwa ya kora daga gona shi ya tsince mu. Ya ce da ya hango mu kwance a gefen mota, ƙofofi a buɗe, ya yi niyyar juyawa, don ya gane motar. Allah Ya saka masa, bai juya ba. Ya kai mu bakin kwalta, aka sa mu a wata mota zuwa asibiti.

A asibiti Allah Ya haɗa mu da Rahama, wadda muka yi karatun boko a lakwal tare, tana aiki a can yanzu. Bayan an sa wa Baban Rashida iskar numfashi ya farfaɗo, ta zauna a bakin gadona ta yi ta tambaya. Me muka ci, me muka sha. Sannan ta tambaye ni ko mun zauna a rufaffen ɗaki da garwashin gawayi. Na ce wane gawayi a cikin mota. Ta ce ita dai alamun da ta gani a jikinmu irin na masu jegon da ake kawo musu ne lokacin sanyi, waɗanda aka rufe wa ɗaki da kaskon wuta. Ta ce akwai wata iska a cikin hayaƙi wadda ba a gani, ba ta da wari, tana shiga jini ta kore numfashi, mutum ya ji ciwon kai, ya ji abin da babu, ya ga abin da babu, sannan ya yi barci. Na ba ta labarin nauyin da na ji a kafaɗata, ta ce wannan iskar tana yin fiye da haka. Na yarda da ita, Marwan, har zuciyata. Sai dai har yau in na tuna, nakan kai hannu in shafa wurin.

Washegari aka jawo motar zuwa garejin Sallau. Kajin kwando duk sun mutu, a kwance reras, ba wanda ya ko fisge gashinsa. Zakara da kazar da suka sha dukan ruwa a baya kuwa suna nan da ransu, zakaran har cara ya yi a tasha. Da aka sallame ni na tafi garejin da kaina, ko da yake Inna ta hana, na gaya wa Sallau maganar Rahama da maganar kajin. Ya cire hularsa ya sosa kai. Ya ce shi duk wannan lokaci abin da ke shiga injin yake bi, mai da wuta da iska, bai taɓa tsayawa ya duba abin da ke fita ba.

A gabana ya yi komai. Ya buɗe ƙofofin duka, ya tayar da ita, ta tashi lafiya tana kaɗawa a hankali. Ya zagaya baya ya tara tafin hannunsa a bakin salansa, ya kira ni ya ce in tara nawa. Ɗan ɗumi kawai na ji, da ƙyar. Ya kai ni bayan wata motar da ke aiki a gefe ya ce in tara, wannan kuwa tana ture hannu, bugu bayan bugu. Ya dawo ya sa Baban Rashida, wanda ya biyo ni garejin, ya taka totur ya riƙe. Ƙara ta hau, ta kai wani wuri ta tsaya, sannan ta fara komowa ƙasa da kanta ko da yake ƙafarsa ba ta motsa ba, hucin nan ya taso. Ya ce kun ji, tana son ta ci amma ba ta da inda za ta fitar. Aka tura ta cikin inuwar rumfa, aka bar ta ta ɗauki zafi, ya ɗaga murfin inji ya nuna mana bututun da ke fitowa daga jikin injin. Ya yi ja, ja mai duhu irin na ƙarfe a maƙera. Ya ce hayaƙin da ya rasa hanya ne ya taru yana dafa shi. Ya ce ga dalilin gindin kuka: daga Matameye zuwa can ne daidai inda take gama ɗaukar zafi, kuma nan ne rairayi ya fi zurfi, inda ake neman ƙarfinta duka.

Sannan ya kashe ta, ya shiga ciki ya ɗaga shimfiɗar robar da ke ƙasa, tsakanin kujerun gaba da na baya. Bayan robar baƙi ƙirin da kunkunniya. A ƙarƙashinta tsatsa ta ci ƙarfen, ga rami wanda yatsu uku za su shiga. Ya kwanta ƙarƙashin motar da tocila, ya ce daidai ramin nan ne mahaɗar bututu take, kuma abin da ke toshe mahaɗar ya ƙone ya fashe. Ya yago ɗan ƙyalle ya riƙe a kan ramin, ya ce a tayar. Marwan, ƙyallen nan ya riƙa tashi yana sauka, tashi yana sauka, da wani sauti a hankali. Baban Rashida ya dafa ƙofa ya ce wannan ne, wannan ne numfashin da yake ji. Ni ma na gane shi. Na fita na zauna a kan wata tsohuwar taya.

Don ya tabbatar, Sallau ya kwance bututun daga gaban tukunyar salansa ya bar shi a buɗe, ya tayar. Ƙarar da ta yi sai da mutanen tasha suka fito a guje. Ya shiga ya hau tudun rairayin bayan gareji da ita, ta haye kamar doki, ya juyo ya sake hawa. Da ya dawo ya sauke tukunyar ya ba mai walda ya yanka ta. Ya ce a cikinta akwai wani abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, ta nan hayaƙi ke bi ya fita. Abin da muka gani ba saƙar zuma ba ne. Dunƙule ne guda, ya narke ya daskare kamar kashin maƙera, sai 'yar kafa a gefe wadda ko tsinke da ƙyar zai bi. Jikin tukunyar ta waje kuma ya lotsa, alamar dutse ya taɓa bugunta.

Ka natsu ka karanta wannan. Na tambayi Sallau ko zai iya sanin tun yaushe abin yake haka. Ya juya dunƙulen, ya kankare tsatsar bakin ramin da wuƙa, ya ce shi ba zai rantse da rana ba, amma wannan ba aikin bana ba ne. Ya ce irin dutsen da ya lotsa tukunyar babu shi a ƙasarmu ta rairayi, kuma tsatsar da ta hau kan kunkunniyar ta nuna motar ta yi dogon zama da abin a jikinta. Da shi ta zo daga arewa. Ya ce shi ya rage mata ƙarfi har ta kafe muku. Na ce to me ya sa mu ta mutu da kanta, su kuwa ka tarar da injin yana aiki. Ya ce mu ƙafa tana kan totur, hayaƙi ya yi yawa ya shaƙe ta. Su kuwa a tsaye take tana kaɗawa a hankali, 'yar kafar nan da fashewar mahaɗa sun ishe ta ta yi ta aiki har mai ya ƙare, tana hura musu ta ramin, gilasai a rufe. Ya ce duk wanda ya zauna a ciki a ranar da ba zai tashi ba, ko kai ne. Da bazara kuma abin da ya tsare Baban Rashida da fasinjojinsa gilasan da ke sauke ne kawai.

Da na dawo gida na gaya wa Inna, ba ta yi kuka ba. Ta aika aka karɓo dunƙulen daga gareji, ta naɗe shi a tsohon ɗankwali, ta ce in taso. Muka shiga gidan Iya Zulaiha da hantsi, ta ƙofar da muka yi kusan shekara biyu ba mu taka ba. Muka same ta tana tsince wake. Ba ta amsa sallama ba, ba ta kuma kore mu ba. Inna ta ajiye abin a gabanta ta kwance, ta ce in yi bayani. Na faɗi duk abin da na rubuta maka a nan, har da kajin. Ta saurara ba ta ɗago kai ba, hannunta yana cikin wake amma ba ya motsi. Muka tashi muka bar mata dunƙulen.

Washegari da safe sai ga saƙo daga Sallau cewa in zo. Na tarar da Iya Zulaiha a garejin, tsaye a gefen motar, da mayafinta na zuwa gaisuwar mutuwa. Ta sa aka nuna mata ramin, ta durƙusa ta sa yatsunta a ciki. Sannan ta ce a buɗe mata baya. Ta shiga ta zauna, ta ce a rufe ƙofa a ɗage gilasai. Sallau ya zare lakile ya sa a aljihu kafin ya yarda. Masu gareji duk suka ajiye aiki. Muna ganinta ta cikin gilashi, ta jingina kanta da kujera, ta rufe ido, leɓunanta suna motsi. Ta daɗe har na fara jin tsoro. Da ta fito ni ta nufa, ta kama hannuna, ta ce tunda ni na je bakin inda Nura ya tafi na dawo, in gaya mata tsakanina da Allah, da zafi? Na ce mata akwai ciwon kai da fari, ba zan ɓoye mata ba, amma bayansa barci ne, mai laushi, kuma babu tsoro a cikinsa ko kaɗan. Ta ce tun da aka kawo mata labari take ganinsa yana murƙususu yana riƙe da ciki yana kiranta. Sai a lokacin ta yi kuka, a tsakiyar gareji, ta kifa kanta a kafaɗata.

Da yamma ta shigo gidanmu da ƙafarta. Ta zauna a tabarmar Inna. Da za ta tafi ta ce in rubuta maka, kuma in rubuta yadda ta faɗa. Ta ce ba za ta aiko maka da neman gafara a takarda ba, don abin da ta faɗa a kanka da baki ta faɗe shi a gaban mutane, a gaban mutane kuma za ta janye shi, kana tsaye. Ta ce kai ne na ƙarshe da ya ji muryar Nura, tana son ka zo ka gaya mata abin da kuka yi hira a kai a ranar, ko da maganar banza ce, ko da faɗa kuka yi. Ta ce kuma akwai wata uwa a Tanut da har yanzu ba ta san abin da ita ta sani ba, kai kaɗai ka san gidan, in ka zo za ta bi ka ku je tare.

Motar tana garejin. Sallau ya ce za ta gyaru sarai, a sa sabuwar tukunya, a liƙe mahaɗa, a toshe ramin da walda. Baban Rashida ya ce ba za a taɓa ta ba sai ka zo ka ga ramin da idonka. Yana samun sauƙi, ciwon kan ya tafi, sai 'yar mantuwa da Rahama ta ce za ta ragu a hankali. Ni ba zan ce maka kowa a garin ya daina magana ba, akwai waɗanda har gobe kuka za su ɗora wa laifi. Amma ranar Juma'ar da ta wuce Malam Cha'ibu ya tsayar da mutane a ƙofar masallaci ya faɗi abin da aka gani a gareji, ya ambaci sunanka, ya ce duk wanda ya ci namanka ya nemi yafiyarka. Ka zo, Marwan. Kada ka jira sai ka tara abin da za ka riƙo. Ka zo kafin a fara girbi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ba ta da saƙo sai dai ta gan ka. Baban Rashida yana gaishe ka, haka Rashida da Nafisa, wadda ka bari tana rarrafe yanzu har aikenta ake yi. Kawu da Jamilatu da mai gidanta suna gaisuwa, an sa wa jaririn sunan Baba, Allah Ya jiƙansa. Ka gaishe mini da Alhajin da kake zaune a wurinsa da iyalinsa. Allah Ya jiƙan Nura da abokin tafiyarku, Ya kawo mana kai gida lafiya.

Wassalam. Ni ce yayarka,
Najaha.